Yadda Ake Haɗa Kamfa Da Yuriya A Gonar Masara

Kuskuren da sabon manomi ya fi yi shi ne ya zuba duk kuɗinsa a yuriya, don ita ke sa ganye ya yi shar. Yuriya naitirojin ce kaɗai, kashi 46 cikin ɗari. Masara kuwa tana kuma bukatar fosfaros don saiwa, da fotashiyam don ƙarfin kara da cikar goyo. Wanda ya yi ƙaranci a cikin ukun nan shi ke yanke maka yawan amfani, komai yawan sauran.

A hekta ɗaya, tazara santimita 75 tsakanin kunya, 25 tsakanin shuka, tanadi buhu 8 na kamfa 15-15-15, wato takin da ya haɗa ukun nan, kowanne kashi 15 cikin ɗari, da buhu 2 da rabi na yuriya. Kamfa ake fara sawa, kafin shuka ta wuce sati biyu, kimanin giram 7 kowace shuka.

Nan ake ɓata aiki. Kada ka watsa shi a sama. Ɗauki tsinke ka huda rami nisan yatsu uku ko huɗu daga gindin shuka, ka zuba, ka rufe da ƙafa. In ya taɓa kara zai ƙona shi. Yuriya kuma, wadda ake sawa sati huɗu zuwa shida bayan shuka, bayan an yi noma ƙasa na da danshi, in aka bar ta a fili wani kasonta iska yake bi. Wani kason kuma ruwan sama ya kwashe shi zuwa kududdufi ko rafi, gansakuka ta rufe ruwan, iskar da kifi ke shaƙa ta yi ƙaranci, da asuba a tarar da su suna haki a sama. Kuɗin ɗan ƙwadagon da zai binne bai kai na buhu ɗaya ba.

Ganye na faɗa maka abin da ya gaza. Na ƙasa ya yi rawaya daga baki yana bin tsakiya: naitirojin. Ƙaramar shuka ta yi ja-ja: fosfaros. Gefen ganye ya bushe kamar wuta ta lasa: fotashiyam. In masara ta yi tsawo, duhu-duhu, iska kaɗan ta kwantar da ita, yuriya ce ta yi yawa.

In kuɗi bai kai ba, rage faɗin gonar, kada ka rage kamfa. Ka kai takin dabbobi tun rani, don yuriya zalla shekara da shekaru tsami take sa wa ƙasa. Gonar da ƙuduji ya kama, baɗi a sa mata waken suya ko gyaɗa.