Yadda zaka sauya manhajar RSS ba tare da ka kwaso tarkacenka duka ba

Shekara kusan shida ina karanta labarai da rubuce-rubucen mutane ta cikin manhaja guda ɗaya, sai watan jiya na tattara nawa ya nawa na bar ta. Ba wani babban laifi ta yi min ba, kawai dai ta fara cusa min abubuwan da ban nema ba a tsakanin waɗanda na nema, yau ta ce ga wani shafi ƙila ya burge ka, gobe ta ce ga abin da mutane suka fi karantawa, alhali ni abin da na gudo wa kenan tun farko har na zo RSS. Na zauna zan yi ƙaura ina ganin aikin minti goma ne, ashe sai da ya ci min mako biyu, kuma ba wahalar fasaha ce ta ja lokacin ba, tantance abin da zan tafi da shi ne. Shi ya sa nace bari in rubuta yadda na yi ko wani zai amfana.

Ga wanda bai san abin ba, a taƙaice: shafukan intanet da yawa suna da wani fayil da suke sabuntawa duk lokacin da suka saki sabon abu, shi ake kira fid. Kai sai ka ba manhajarka adireshin fid ɗin, ita kuma ta riƙa leƙawa tana kawo maka sabo, na baya-bayan nan a sama, shikenan. Babu wani inji a tsakani da zai zaɓa maka abin da zaka gani. Tsarin ya tsufa, tun 1999 kamfanin Netscape ya fito da RSS, a 2005 aka tabbatar da ƙanensa mai suna Atom, kuma har yau yawancin fodkas da kake saurara ta wannan hanyar suke iso maka ko baka sani ba. Abin da nafi so game da shi shine yana ƙarewa. Zaka karanta ka karanta har ka kai wurin da babu sauran komai, ka ajiye waya. A Facebook ko TikTok kuwa babu wannan wurin, an gina su ne yadda ƙasa ba za ta taɓa zuwa ba.

Abu na farko, kuma wannan ko ba ka da niyyar sauyawa ka yi shi yau: ka fitar da OPML ɗinka. OPML ƙaramin fayil ne na rubutu zalla, in ka buɗe shi da Notepad zaka ga sunayen shafukan da kake bi, da adireshin fid na kowanne, da foldar da ka sa shi. Kusan duk manhajar kirki tana da shi a cikin saitin, ka nemi inda aka rubuta "Export" ko "OPML", wani lokacin sai ka shiga ta burawza a kwamfuta don ba kowace manhajar waya ce ke nuna maɓallin ba. Ka sauke, ka sa kwanan wata a sunan fayil ɗin, ka ajiye a wuri biyu, ɗaya a na'urarka ɗaya ka tura wa kanka ta imel.

Dalilin da yasa nake nanata wannan kowa da ya daɗe a harkar ya sani. Google Reader, wurin karanta RSS na kamfanin Google wanda aka buɗe a 2005, shi ne gidan kusan kowa, mutane sun jibge shekaru a ciki, sai ranar 13 ga Maris 2013 aka sanar cewa za a rufe shi, ranar 1 ga Yuli aka rufe. Wata uku da rabi kacal. Feedly, wata manhajar RSS ɗin, ta ce cikin awa 48 da sanarwar mutum sama da 500,000 suka kwararo wurinta, kuma abin da ya sa ƙaurar ta yiwu shine jerin nan da kowa zai iya ɗauka ya tafi da shi. Ba tsohon labari bane kawai, ko a 2025 Mozilla ta rufe Pocket, inda mutane ke tara rubutun da zasu karanta daga baya. Kayan aro baya rufe katara, manhajar ta wasu ce, jerin ne naka. Kuma ba a fafe gora ranar tafiya.

To amma fa ka sani OPML baya ɗauko komai da komai, nan ne mutane da yawa ke cizon yatsa. Ba ya ɗauko rubutun da ka sa wa tauraro, baya ɗauko wanda ka karanta da wanda baka karanta ba, baya ɗauko dokokin tacewa da ka kafa, kuma idan tsohuwar manhajar ta baka wani adireshin imel na musamman da wasiƙun labarai ke shigowa ta ciki, wannan ma zai mutu da asusun, sai ka je ka canza adireshin a kowace wasiƙa da hannunka. Sannan tsofaffin rubutu ba lallai su biyo ka ba, domin fid ɗin kansa 'yan na ƙarshe kawai yake riƙewa, shafukan WordPress misali guda 10 suke sakawa in mai shafin bai canza ba, tsohuwar manhajarka ce ta riƙa tara maka sauran tsawon shekaru. Don haka kafin ka taɓa komai ka buɗe wajen taurarin nan ka bi su ɗaya bayan ɗaya. Ni na tarar da ɗaruruwa, mafi yawansu ban ma tuna dalilin da yasa na ajiye ba, amma akwai kamar ashirin da har yanzu suna da daraja a wurina, ciki har da wani dogon rubutu da shafin da ya fito ma ya riga ya ɓace daga intanet, kwafin da ke cikin manhajar ne kaɗai ya rage min. Irin waɗannan ka adana su a matsayin PDF, kar ka dogara da adireshi kawai, adireshi yana mutuwa.

Yanzu sai aikin da ya fi cin rai, wato rage jerin. Shawarata kar ka ɗora OPML ɗin nan gaba ɗaya a sabon wuri ka ce daga baya zaka gyara, wallahi ba zaka gyara ba. Ni shafuka sama da ɗari biyu na tarar ina bi, kuma sai da na zauna da jerin a gabana na fahimci wani abu game da kaina da ban so ba. Na bar kafafen sada zumunta ina ganin na warke daga danne-dannen waya, ashe hannun nan bai daina ba, wuri kawai ya canza. Da na farka abin da nake fara dubawa shine lambar nan ta abubuwan da ban karanta ba, in ta kai ɗari bakwai sai in ji kamar bashi ake bina, in zauna ina gungurawa ina goge kanun labarai ba tare da na buɗe ko ɗaya ba don dai lambar ta sauka, in ta sauka kuma bayan awa ɗaya in dawo in ga ko ta ƙaru. Akwai ranar da intanet ya ɗauke mana tun safe har dare, na ƙirga sau nawa na ɗauki waya na buɗe manhajar alhali na san sarai babu abin da zai shigo, abin ya ban tsoro gaskiya. Kaga wannan ba karatu bane. Kuma babu manhajar da zata magance maka shi in jerin da ka ɗora mata ya fi ƙarfin lokacinka.

Yadda na yi shine na bi kowane shafi na tambayi kaina yaushe rabon da in karanta wani abu nasa har ƙarshe. In ban iya tunawa ba, ya tafi. Waɗanda suka shekara biyu basu saki komai ba yawanci na cire, sai 'yan kaɗan na marubutan da nake ƙauna, su na bar su, domin fid ɗin da yayi shiru baya cin komai, ranar da mai shi ya dawo zaka zama cikin na farkon gani, kuma wannan na daga cikin daɗin RSS. Matsalar gaske ita ce manyan kafafen labarai masu sakin abu hamsin ko ɗari a rana, guda biyu kawai sun isa su binne duk ƙananan marubutanka. Ka zaɓi ɗaya, ko kuma ka duba ko suna da fid na sashe, da yawa suna ware na kimiyya daban na wasanni daban na siyasa daban, ka ɗauki sashen da ya dame ka kawai. Sai kuma rukunin da ya fi wuyar cirewa, shafukan da kake bi don kana son ka zama irin mutumin da ke karanta su. Waɗannan ka sake su da zuciya ɗaya. Ni na ƙare da arba'in da 'yan kai.

Zaɓen sabuwar manhaja bai kai yadda ake zuzuta shi ba. Akwai masu zaune a intanet irin su Feedly, Inoreader, NewsBlur da Feedbin, ka buɗe asusu, sabar su, wato kwamfutar kamfanin, ke tara maka komai ko wayarka na kashe, kuma abin da ka karanta a waya zai nuna an karanta a kwamfuta. Ukun farko suna da tsarin kyauta mai iyakar yawan shafuka, wanda in ka rage jerinka ba zaka ma kai iyakar ba, Feedbin kuwa na biya ne. Akwai masu zama a kan na'urarka ba tare da asusu ba, NetNewsWire ga masu iPhone da Mac, kyauta ne kuma yana nan tun 2002, Feeder ga masu Android, har Thunderbird na imel ma yana karanta fid a kwamfuta. Illarsu ita ce in ka kwana biyu na'urar bata leƙa ba, shafi mai yawan saki zai iya wuce ka da wasu abubuwa, in waya ta ɓace kuma babu OPML a gefe to jerin ya tafi. Sai masu son su riƙe komai da hannunsu, FreshRSS ko Miniflux a kan sabar kansu, yana da kyau amma in baka saba kula da saba ba kar ka fara da nan, zaka ɓata lokacin karatu a gyare-gyare. Ni na kan waya na zaɓa, saboda wuri ɗaya nake son karatun ya tsaya, bana son ya biyo ni kwamfutar aiki. Ko wacce ka ɗauka dai, kafin ka ɗora mata komai ka duba tana da ƙofar fita, in baka ga inda ake fitar da OPML ba ka wuce ta.

In ka gama rage jerin a tsohuwar manhaja sai ka fitar da sabon OPML, shi zaka ɗora. Ɗorawar kanta minti biyu ce, "Import", ka zaɓi fayil, ka jira. Tana gamawa zaka ga ɗaruruwan abubuwa sun fito kamar sababbi, ka danna an karanta duka kar ka ji komai. Bayan nan ka duba waɗanda suka nuna kuskure, galibi shafin ne ya canza adireshi. Da farko ka liƙa adireshin shafin kansa a manhajar, yawanci tana gano fid ɗin da kanta. In ta kasa sai ka gwada da hannu: ƙara /feed a ƙarshen adireshi yana aiki a WordPress da Substack, /feeds/posts/default a Blogspot, a Mastodon kuma ka ƙara .rss a ƙarshen adireshin mutum. Tashoshin YouTube ma kowacce na da fid, kuma wannan ya taimake ni sosai don yanzu ina ganin bidiyon waɗanda nake bi ba tare da na shiga shafin farko na YouTube ya ja ni wani wuri ba. Da can burawza na nuna alamar nan ruwan lemo in shafi na da fid, amma Firefox ma ta cire nata tun 2018, shi ya sa mutane ke zaton abin ya mutu alhali yana nan a ɓoye.

Kar ka goge tsohuwar nan take. Ka bar su tare mako ɗaya ko biyu, kana karatu a sabuwa, lokaci lokaci ka leƙa tsohuwa ka ga ko akwai abin da ke shigowa can baya zuwa nan. Amma ka cire ta daga fuskar wayarka tun ranar farko, in ba haka ba yatsa zai riƙa kai kansa. In ka tabbatar komai daidai, ka sake fitar da OPML na ƙarshe, ka soke biyan kuɗi in kana biya, sannan ka rufe asusun.

Saitin da zaka yi a ranar farko shi zai yanke ko ƙaurar ta yi amfani. Ka kashe sanarwa gaba ɗaya, ka kashe lambar nan da ke liƙe a jikin alamar manhaja, in akwai damar ɓoye adadin waɗanda ba a karanta ba a ciki ma ka ɓoye. Ka sa ta riƙa leƙo sabo sau ɗaya ko biyu a rana maimakon duk minti goma sha biyar, batir ma zai gode maka. Foldoji kuma na daina raba su da maudu'i, yanzu da lokaci nake rabawa: ɗaya ta kullum mai shafuka shida, ɗaya ta ƙarshen mako inda dogayen rubutu suke, ɗaya ta gwaji, duk sabon shafin da na gani ya burge ni nan yake fara zama wata guda, in ban buɗe shi ba a watan sai ya fita. In manhajarka na iya sauke cikakken rubutu don karantawa ba intanet, Feeder na yi, to ka kunna. Da yamma nake barin ta ta sauke komai, sai in kashe data in karanta, in na ci karo da wani adireshi da nake son bi sai in sa tauraro in bari sai gobe, kuma sau da yawa goben na zuwa sai in ga ashe bana buƙatarsa. Na kuma sa tunatarwa a kalanda duk bayan wata uku, in fitar da sabon OPML in tura wa kaina, in leƙa foldar gwaji in share.