Yadda mai zanen tambari zai ci gasar zane a intanet

A 99designs, wani shafin gasar zane a intanet, mai kaya kan bayyana tambarin da yake so, masu zane da yawa su turo nasu, amma wanda aka zaɓa ne ke karɓar kuɗin. Don haka ka karanta bayanin sau biyu kafin ka taɓa kwamfuta. Wasu masu faɗuwa ra'ayinsu suke zanawa, ba buƙatar mai kaya ba.

Tura aikinka da wuri, domin ka samu gyara kafin lokaci ya ƙure. Kada ka kwafi zanen wani, ana rufe asusu a kansa. Tanadi zanenka a nau'in fayil na AI (Adobe Illustrator) ko EPS, ka buɗe asusun Payoneer, na karɓar kuɗi ta intanet, da sunan da ke katin shaidarka.

Zanen da bai ci ba, cire sunan kamfanin, ka nuna wa masu shaguna a Kawo ko Barnawa a Kaduna.