Idan Gwamnati Ta Zo Karɓar Gonarka: Yadda Ake Bin Diyya

Duk manomin da ya wayi gari ya ga safiyo sun kafa turaku masu jan fenti a gonarsa, tambayar farko da ke zuwa bakinsa ita ce nawa za a biya. Ni da na riƙe wa mutanen garinmu littafi lokacin da hanya ta ratsa gonakinmu, shawarata ita ce a fara tambayar me ake biya tukuna, don a nan mafi yawan rigimar take.

A Najeriya, Dokar Amfani da Filaye ta 1978 ta danƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna. Kai abin da kake da shi haƙƙin zama ne da amfani, ko da gonar tun ta kaka da kakanni ce. Sashe na 28 ya ba gwamna ikon soke wannan haƙƙin don amfanin jama'a, kamar hanya, dam, layin dogo ko bututun gas. Sashe na 29 kuma ya ce a biya diyyar abin da ka kafa a kan ƙasar, wato gini, rijiya, shuka da itatuwa. Ita ƙasar kanta, in ban da kuɗin hayar da ka biya gwamnati a shekarar, ba ta da farashi a wannan lissafin. Dokar ba ta yi wa manomi adalci a nan ba, a ganina, amma da ita za a yi maka hukunci, gara ka santa. Kuma kada wani ya tsorata ka da cewa ba ka da takardar mallaka. Gonar da ke wajen birni wadda ake nomawa tun kafin 1978, sashe na 36 ya ɗauke ta tamkar mai izinin ƙaramar hukuma.

Ka fara neman sanarwa a rubuce. Shela a masallaci ko saƙon baki daga mai unguwa ba su wadatar ba, doka ta ce a miƙa wa mai haƙƙin takarda. Ka duba wa ya sa hannu da aikin da aka ce za a yi, ka yi mata hoto ka adana.

Sai ranar ƙidaya, wadda ita ce komai. Abin da bai shiga takardar ma'aikatan gwamnati masu ƙirga abin da ke gonar ba a ranar, da wuya ya sake shiga. Saboda haka kafin su zo, ka ɗauki ɗanka mai waya ku zaga gonar kusurwa-kusurwa, ku yi bidiyo, kana faɗin kwanan wata da sunan kowace bishiya. Ɗorawa nawa, kaɗanya nawa, kuka, tsamiya, mangwaro, giginya, har zogalen da ke jikin shinge. Ka rarrabe mai 'ya'ya da matashiya da dashe, domin farashinsu daban-daban ne a jadawalin gwamnati, kuma na ga inda aka rubuta mangwaron da ke cika buhuna a matsayin dashe, kawai don mai shi ya tafi kasuwa ya bar yaro. Rijiyar fadama, bohol, rumbu, bukkar gona, magudanar da ka haƙa, duk a rubuta. Idan kana noman rani a wurin kuma sun zo da damina, ka nuna musu shaidar hakan, in ba haka ba gero kaɗai za su gani. Ka tsaya da ƙafarka a ja igiya, maƙwabtan iyaka suna wurin. Bayan an gama, a karanta maka abin da aka rubuta da Hausa kafin ka dangwala yatsa, ka kuma ɗauki hoton shafin. Wasu ma'aikatan za su ɓata rai. Su ɓata.

Tun kafin wannan rana ku sasanta na cikin gida. Gonar gadon da ba a raba ba, a tara magada, har matan da ke gidajen aure, a amince da wanda zai tsaya, a rubuta. Wanda ke noma gonar aro ko haya ko jingina, shukar tasa ce, itatuwan kuma galibi na mai gona ne, sai a rubuta kowa da sunansa. Rigimar 'yan'uwa ita ce hujjar da ofis ya fi so idan yana neman jinkirta biya.

Jadawalin farashin shuka da itatuwa yakan shekara da shekaru ba a taɓa shi ba, alhali kuɗin buhun masara ya ninka. Ku nemi a nuna muku wanda aka yi aiki da shi da shekarar da aka tsara shi. Idan kuna da yawa, ku haɗa kai ku ɗauki mai kiyasin darajar kadara wanda ke da rajista, ya yi nasa lissafin. Suna karɓar kaso ne daga diyyar, don haka a rubuta kason ƙarara a takardar wakilci, kuma kuɗi ya shiga asusun bankin kowane manomi kai tsaye. Ku yi hattara da masu zuwa da jaka suna sayen takardar ƙidayarku da arha kafin biya ya fito.

Akwai abin da mutane ba sa tambaya. Sashe na 6 na dokar 1978 ya ce idan aka soke haƙƙin gargajiya a kan gonar noma, ƙaramar hukuma ta ba mai ita wata gonar a madadi. A wasu jihohin kuma, idan fulotai za a yanka, akan ba mai gona rabonsa na fulotai. Kuɗin diyya na iya ƙarewa a bikin aure ɗaya, don haka ku matsa a kan ƙasa. Idan aikin da kuɗin Bankin Duniya ake yinsa, sharuɗɗansu sun fi na dokarmu sauƙi ga manomi, domin suna buƙatar a biya cikakken kuɗin maye gurbin abin da aka rasa kafin a fara aiki, kuma dole a buɗe wurin kai koke.

To idan kuɗin da aka yanka bai yi maka ba fa? Ka rubuta ƙorafi da wuri, da hotunanka da lissafinka, zuwa kwamitin rabon filaye na jiha, wanda sashe na 30 ya ɗora wa sauraron irin wannan saɓani. Ka kai kwafi ma'aikatar ƙasa, a buga maka hatimin karɓa. Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a ma tana saurare kyauta. Za ka ji ana cewa kotu ba ta da hurumi a kan adadin diyya, kuma lallai dokar 1978 ta faɗi haka, sai dai sashe na 44 na Tsarin Mulkin 1999 ya ba ka damar zuwa kotu, ya kuma ce a biya ba tare da jinkiri ba. Wannan aikin lauya ne, kuma kafin ka karɓi ko sisi ka nuna masa takardar da za ka sa wa hannu, don wata an rubuta a ciki cewa ka yafe sauran haƙƙinka.

Tare hanya da hana motocin aiki wucewa kuwa, ba na ba kowa wannan shawarar. Dattawan Talata Mafara ba su manta da watan Afrilun 1980 ba, lokacin da manoman da dam ɗin Bakolori ya cinye gonakinsu suka tare hanyoyi a kan diyya, 'yan sandan kwantar da tarzoma suka buɗe musu wuta, rayuka suka salwanta. Idan shuka na gona, abin da za ku roƙa a rubuce shi ne a bar ku ku girbe kafin katafila ta shigo, kuma sau da yawa ɗan kwangila yakan yarda idan hakimi ya sa baki.