Yadda za ka zaɓi gwanin da za ka gina ƙungiyar ƙwallon kwando a kansa, ko da zamaninsu ba ɗaya ba

A majalisarmu musun Michael Jordan da LeBron James, gwanayen NBA, babbar gasar ƙwallon kwando ta Amurka, ya fi shekara goma ana yinsa, kullum bayan isha'i sai an taɓa, kowa ya san abin da kowa zai ce tun bai buɗe baki ba. Rannan sai wani ƙanena ya ajiye kofin shayinsa ya juya tambayar, ya ce "Yaya, a ce yau an damƙa maka ƙungiya sabuwa fil a NBA, ba ka da ɗan wasa ko ɗaya, aka ce ɗauki mutum ɗaya tak cikin duk waɗanda suka taɓa buga wasan nan ka gina ta a kansa, wa za ka ɗauka?" Mutum huɗu suka ce Jordan a tare. Ni kuwa sai na yi shiru, don tambayar wa ya fi kowa iya wasa daban, tambayar wa za ka mai da ginshiƙin gidanka daban. Na kwana biyu ina juya abin, ga hanyar da nake ganin ya kamata a bi.

Kafin komai ku yi yarjejeniya kan sharaɗi, in ba haka ba za ku kai asuba kuna ihu kowa na amsa tambayarsa daban. Sharaɗin da na fi yarda da shi shi ne: za ka ɗauki mutumin tun ranar da ya shigo gasar, ka kuma ɗauki rayuwar wasansa dukanta yadda ta zo, da raunin da ya ji, da ritayar da ya yi, da halinsa na zama ko tafiya. Ba wai ka tsinko kakarsa mafi kyau guda ɗaya ka ce ita ce shi ba. Wanda ya ce Jordan na 1991 yake so, to ai sai an bi ta 1984, shekarar da ya shigo gasar, kafin a kai can.

Daga nan sai lissafin maki, kuma a nan ne mutane suka fi zamewa. Wani zai zaro waya ya nuna maka Wilt Chamberlain ya ci maki 100 a wasa ɗaya a 1962, kuma a kakar nan matsakaicinsa maki 50.4 ne a kowane wasa, ya ce to musu ya ƙare. Abin mamaki ne wallahi, ba mai raina shi. Amma ka tambaya, nawa ƙungiyoyi ke ci a lokacin? A kakar 1961-62 ƙungiya kan ci kusan maki 119 a wasa saboda gudu ake yi ana jifa ba ƙaƙƙautawa, a kakar 1998-99 kuwa abin ya sauko bai kai 92 ba. Ka ga maki 30 a wannan zamanin da maki 30 a wancan ba kuɗi ɗaya ba ne, kamar dai ka kwatanta albashin naira dubu a 1980 da naira dubu ta yau. Don haka kar ka ɗora lambar wani kan lambar wani kai tsaye, auna kowa da sa'o'insa, da tazarar nawa ya tsere wa na biyu da na goma a shekarunsa. Jordan ya zama wanda ya fi kowa cin maki sau 10, wannan ita ce irin lambar da ke tsallake zamani.

Haka kofuna. Bill Russell ya ɗauki 11 cikin kaka 13 da Boston Celtics, amma yawancin shekarun ƙungiyoyi 8 ne ko 9 a gasar, yanzu 30 ne kuma sai ka haye zagaye huɗu kafin ka taɓa kofi. Sai dai kar ka yi saurin rage masa daraja, don shi ma zamanin ya cuce shi ta wani gefen: ba a fara ƙirga tare ƙwallo a sama da ƙwace ta ba sai kakar 1973-74, bayan ya yi ritaya, wato abin da ya fi ƙwarewa a kai babu shi a takarda sam.

Dokoki ma ka san su. Layin maki uku, wanda in ka ci daga bayansa ake ba ka uku maimakon biyu, a 1979 ya shigo NBA. A 2001 aka halatta tsaron yanki, inda kowa ke gadin wuri maimakon bin mutum ɗaya, wanda ya sa dogayen da ke tsayawa ƙarƙashin kwando suka fara shan cunkoso. A 2004 aka tsananta hana mai tsaro ɗora hannu a jikin mai ƙwallo, sai hanya ta buɗe wa masu gudu da masu jifa daga nesa. To in ka ɗauko tsoho ka kawo shi yau, ka yi masa adalci ka ba shi likitocin yau da takalman yau da jirgin ƙungiya da kocin da zai koya masa jifan nesa tun yana yaro. In kuma ka mai da na yau baya, ka ƙwace masa su. Abin da ba na so shi ne a ɗauko Russell da takalminsa na yadi a jefa shi fili na yau a ce ai ba zai iya ba.

Abu na gaba mai sauƙin dubawa ne, me ya faru da ƙungiyar shekarar da ya iso. Kaka wasa 82 ce. Milwaukee ta ci 27, Kareem Abdul-Jabbar ya zo a 1969 (lokacin sunansa Lew Alcindor) ta koma 56, shekara ta biyu ta ɗauki kofi bayan an kawo masa Oscar Robertson. Boston ta tashi daga 29 zuwa 61 da zuwan Larry Bird. Houston daga 29 zuwa 48 da Hakeem Olajuwon. Orlando daga 21 zuwa 41 da Shaquille O'Neal, Cleveland daga 17 zuwa 35 da LeBron yana ɗan shekara 18 zuwa 19, Chicago daga 27 zuwa 38 da Jordan. San Antonio ta tashi daga 20 zuwa 56 da Tim Duncan, amma wannan kam ka sa mata alama, don David Robinson ya yi jinya kusan duk kakar da ta gabata sannan ya dawo, ba aikin Duncan kaɗai ba ne.

Yanzu ga inda nake so ka daɗe, shekaru nawa zai ba ka. Bill Walton ya kai Portland ga kofi a 1977, ya zama gwarzon gasa a 1978, wanda ya ga wasansa a lokacin zai rantse ba a taɓa dogo mai iya raba ƙwallo kamarsa ba, sai ƙafa ta ƙi, shikenan ginin ya tsaya. Bird ciwon baya ne ya ci shi, kaka 13 ya yi. Magic Johnson ya tsaya a 1991 yana da shekara 32. Shi kansa Jordan kaka 13 ya yi wa Chicago, a ta biyu ya karye a ƙafa wasa 18 kawai ya buga, a 1993 ya ajiye ya tafi wani wasan daban sai Maris 1995 ya dawo, bayan kofin 1998 ya sake ajiyewa. Kofi 6 a ciki fa, ba wasa ba, kuma bai taɓa faɗuwa a zagayen ƙarshe ba. Amma sai da aka kawo Scottie Pippen a 1987, Phil Jackson ya karɓi koci a 1989, kafin kofin farko ya zo a kakarsa ta bakwai. Kareem kuwa kaka 20 ya yi, ya zama gwarzon zagayen ƙarshe a 1971, ya sake zama a 1985 yana da shekara 38. Ka tsaya ka lissafa tazarar nan, shekara 14.

Tsawon rai a fili bai isa ba, sai ka tambaya a gidanka zai yi shi ko a gidan wani. Orlando ta ɗauki Shaq a 1992, a 1996 ya tattara ya koma Lakers, kofuna uku da ya jera daga 2000 zuwa 2002 can ya kai su, Orlando ko ɗaya ba ta gani ba. Kareem ma da nake yabo kaka 6 ya yi a Milwaukee ya nemi a sake shi a 1975, kofuna 5 cikin 6 nasa na Lakers ne. LeBron ya bar Cleveland a 2010, ya dawo 2014, ya tafi 2018. Ban ga laifinsa can can ba, shekara bakwai ya yi yana ɗauke da ƙungiyar a ka ba a samo masa mataimaki na gaske ba, kuma da ya dawo ya biya bashi, kofin 2016 da suka ɗauka bayan ana cinsu 3 da 1 a hannun Golden State mai nasara 73 ba za a manta da shi ba. Amma in kai ne mai Cleveland, cikin kofunansa 4 guda ɗaya ne naka, ko da yake shi ne ya karya tarihin maki 38,387 na Kareem a Fabrairun 2023.

Mutumin Zariya ma ya nuna mana ɗaya fuskar. Masai Ujiri, wanda a Zariya ya tashi, yana shugabancin Toronto ya bayar da DeMar DeRozan a 2018 ya karɓo Kawhi Leonard, suka ɗauki kofi a 2019, Kawhi ya yi kaka ɗaya ya wuce Clippers. Cinikin ya biya, babu ko tantama. Sai dai wannan hayar gwani ce ta shekara ɗaya, mu kuwa maganar wanda za a yi shekara goma sha biyar ana jingina da shi muke.

Sai ka duba su wa za ka iya jerawa a gefensa, don kuɗin albashi yana da iyaka a NBA, ba za ka sayi duk wanda kake so ba. Shaq sai ka nemo masa mai riƙe ƙwallo a mintunan ƙarshe, saboda jifan fanaretinsa kaɗan ya haura rabi, abokan hamayya da gangan suke masa keta. Stephen Curry akasin haka ne, mutumin da ya jefa maki uku sau 402 a kaka ɗaya, masu tsaro biyu ke binsa tun daga tsakiyar fili ko ba ya riƙe da ƙwallo, sai kowa a ƙungiyar ya sami sarari. Amma shi ma ka tuna idon sawunsa ya yi ta ba shi matsala a farko, shi ya sa a 2012 ya sa hannu kan dala miliyan 44 na shekara huɗu, arhar da ta ba Golden State damar tara jama'a. Dogon da ke tsare kwando kuma yana ci, shi ya fi sauƙin gini a kowane zamani, don rabin aikin tsaro ya riga ya ɗauke maka. Hakeem ɗan Legas shi ne misali, a 1994 ya haɗa gwarzon gasa da gwarzon tsaro da gwarzon zagayen ƙarshe a kaka ɗaya, ya ɗauki kofi ba tare da wani babban tauraro a gefensa ba, kuma har yau ba wanda ya kai shi tare ƙwallo, 3,830. A Fabrairun 1995 yana azumin Ramadan aka zaɓe shi gwarzon wata. Duk lokacin da na tuna wannan sai na ji wani abu a raina.

Na bi duk matakan nan a bayan wata takardar kati, sunaye a hagu, tambayoyi a sama, kuma sunan da ya ƙi faɗuwa a ko'ina shi ne Tim Duncan. Kaka 19, riga ɗaya. Kofi a 1999, 2003, 2005, 2007 da 2014, na farko da Robinson, na tsakiya da Tony Parker da aka ɗauka na 28 a zaɓen sababbin 'yan wasa da Manu Ginobili da aka ɗauka na 57, na ƙarshe da Kawhi yana matashi, wato rukunin abokan aiki har uku ya yi wasa da su gidan bai girgiza ba. Babu kakar da San Antonio ta rasa shiga wasannin neman kofi yana nan. Ya yarda an rage masa albashi don a riƙe sauran, kuma koci Gregg Popovich kan yi masa faɗa a gaban kowa ya saurara, to wane yaro ne zai ɗaga kai bayan ya ga haka. In aka ce shekara takwas kawai za a ba ni in ci abin da zan ci, Jordan zan ɗauka ban ko waiwaya ba. In wasa ɗaya ne na mutuwa ko rayuwa, nan ma shi. Amma ƙungiya sabuwa a ƙaramin gari da manyan 'yan wasa ba sa rububin zuwa, Duncan nake so, Kareem na bi masa, sai Hakeem. Su Giannis Antetokounmpo da Nikola Jokic da Victor Wembanyama ban sa su a katin ba tukuna, littafinsu bai rufe ba.

Ƙanen nawa bai yarda ba, ya ce "Yaya, mutumin da ko bidiyonsa ba ya tashe a waya?" Na ce masa matsalar kenan, guntun bidiyo na minti biyu dankin, wato tsalle a cusa ƙwallo cikin kwando, kawai yake nuna maka, ba ya nuna wanda ya tsaya daidai wurin da ya hana a ma yi yunƙurin jifa. Don haka kafin ka yanke hukunci kan kowa, nemi cikakken wasa ka zauna ka kalla daga farko har ƙarshe, ko biyu ko uku na kowane mutum, ka riƙa binsa da ido lokacin da ƙwallo ba ta hannunsa. Na Duncan fara da wasa na shida na zagayen ƙarshe na 2003 da New Jersey Nets, inda ya ci maki 21, ya cafko ƙwallo 20 daga kwando, ya ba da 10 aka ci, ya tare 8. Na Hakeem kuwa nemi karawarsu da San Antonio a 1995, shekarar da aka ba Robinson kyautar gwarzon gasa, ka kalli ƙafafunsa kawai.