Yadda Za Ka Kashe Amon Da Ke Biyo Bayan Kiɗa a Jita Ƙirar Selmer

Masu kaɗa jaz ɗin Manush, wani salon kiɗa da aka saba yi da jita ƙirar Selmer, sun yi ta tambayata kan siririn amon nan da ke ci gaba da tashi bayan an ɗauke hannu. Ga matakan:

1. Kaɗa sauti ɗaya da ƙarfi, ka danne tsirkiyoyi shidan nan take da tafin hannu.

2. Saurara. In amon bai mutu ba, daga wani wurin yake fitowa.

3. Sake kaɗawa, ka ɗora yatsa kan guntayen tsirkiyoyin da ke tsakanin jaki (ɗan katakon da ke ɗage tsirkiyoyi a kan cikin jita) da ƙarfen gindi (inda aka maƙala ƙarshensu). Galibi nan ɓarawon yake, domin a wannan ƙirar wurin yana da tsawo.

4. Yanko siririyar fata mai laushi.

5. Saƙa ta a tsakanin guntayen tsirkiyoyin, sama da ɗaya, ƙasa da ɗaya. Hattara: kada ta taɓa jakin, za ta dakushe muryar jitar gaba ɗaya.

6. Gwada yatsan a kan tsirkiyoyin can wajen kan jitar, kusa da maɗaura. In amon ya yi shiru, a sa wa wurin tasa fatar.

7. Ƙwanƙwasa ƙarfen gindi. In yana karkarwa, sassauta tsirkiyoyi ka cusa fata ƙarƙashinsa. Kafin nan ka yi wa mazaunin jaki alama, don ba a manne yake ba. Ya gusa kaɗan, sauti ya karkace.

8. Sauran aikin na hannun hagu ne, tunda na dama a sama yake shawagi. Kwantar da yatsun da ba sa aiki kan tsirkiyoyin da ba ka kaɗawa. Ni dai nakan bar ɗan amo kaɗan, jitar ta fi daɗi haka.