Yadda ake sallama ba tare da an bar baya da ƙura ba

Da yawanmu mun iya shiga amma ba mu iya fita ba. In lokacin rabuwa ya zo sai ka ga mutum ya sulale kawai, ya daina ɗaga waya, ƙarshe ma ya yi maka bulokin kamar ba ku taɓa sanin juna ba, wai shi gudun rigima yake. Wallahi wannan shirun ya fi rigimar ciwo.

Akwai wani gwaji da masanin halayyar ɗan Adam Daniel Kahneman da abokan aikinsa suka wallafa a 1993. Sun sa mutane tsoma hannu a ruwan sanyi mai digiri 14 na daƙiƙa 60, a wani zagayen kuma aka yi 60 ɗin sannan aka ƙara musu 30 ana ɗan ɗumama ruwan zuwa digiri 15. Da aka ce wanne za ku maimaita, yawancinsu mai tsawon suka zaɓa, alhali wahalarsa ta fi yawa. Ashe ƙwaƙwalwa ba ta cika damuwa da tsawon abu ba, inda ya fi zafi da yadda ya ƙare take riƙewa. Shi ya sa zaman shekara goma lafiya lau zai iya ɓaci a satin ƙarshe.

To abu na farko, ka faɗa da bakinka. Ido da ido in da hali, in babu ka kira, amma kar ka yanke alaƙar shekaru da mesej layi biyu, kuma kar ka bari ya fara ji a bakin wasu. Sannan ka fito fili, in ka san ba dawowa za ka yi ba kar ka ce "mu ɗan ba juna lokaci", don rataye shi ka yi, zai yi ta duba waya wata da watanni. Dalili ɗaya na gaskiya ya isa, ba sai ka tono laifin shekara biyar ba. In ka gama ka yi shiru ka saurara, zai iya yin kuka ko ya faɗa maka magana mai zafi, ka daure, kuma kar ka matsa sai ya ce ya fahimce ka a ranar.

In wurin aiki ne abin da sauƙi. Ka ba da notis yadda takardar ɗaukar aikinka ta tanada, ka rubuta wa wanda zai gaje ka inda ka tsaya, ka miƙa makullai da fasuwod. Ranar ƙarshe ba ranar faɗa wa oga gaskiyarsa ba ce, komai ƙaiƙayin da bakinka yake.

Mai wuyar ita ce sallama da wanda jiki ya yi tsanani. Ka je da wuri, kar ka tsaya jiran sai ka shirya kalmomi, ba za su taɓa shiryuwa ba. Ka gode masa kan wani abu takamaimai, ba "na gode da komai" ba, ka tuna masa ranar da ya tsaya maka. Ka nemi yafiya, kai ma ka yafe. In ya ɗauko zancen mutuwa kar ka yi saurin toshe masa baki da "haba daina faɗin haka", wataƙila akwai bashi ko amana da yake son ambata, kai ne kake jin tsoro ba shi ba. Ko ya daina magana ka riƙe hannunsa ka ci gaba da yi masa, masu jinya sun sha faɗa cewa ji yana cikin abubuwan da ke tafiya a ƙarshe.

Bayan nan kar ka sa wa zuciyarka jadawali. Matakai biyar na baƙin ciki da ake ta yawo da su a intanet, wato waɗanda ake cewa mai jimami yana bi daga ƙin yarda har zuwa haƙura, wata likitar ƙwaƙwalwa mai suna Elisabeth Kübler-Ross ce ta kawo su a 1969, kuma daga hirarta da marasa lafiya masu jiran ajali ta samo su, ba layi ba ne da dole kowa ya bi ɗaya bayan ɗaya. Yau ka ji garau gobe ƙamshin wani turare ya dawo da kai baya, ba komai. In rabuwa ce da mai rai, ka mayar masa da kayansa, ka biya abin da yake binka, ka kuma daina leƙa sitatus ɗinsa da tsakar dare.