Wa'adin Sakamakon Jarrabawa: Kurakuran da Masu Neman Karatun Likita a Waje Suka Fi Yi

Duk wanda ya rubuta JAMB ya san makinsa na shekara ɗaya ne; in bai samu gurbi ba, sai ya sake zama baɗi. Jarrabawowin shiga makarantun likitanci na Amurka da Birtaniya ma suna da wa'adi, sai dai lissafinsu ya fi sarƙaƙiya, kuma a nan ɗalibai masu ƙwazo ke yin asarar shekara guda ba don sun faɗi ba.

Babban kuskuren a kan MCAT ake yin sa, jarrabawar da ƙungiyar makarantun likitanci ta Amurka, wato AAMC, ke shiryawa don makarantun Amurka da Kanada, wadda makinta ke farawa daga 472 ya tsaya a 528. Za ka ji ana cewa "ai shekara uku take yi", ɗalibi ya riƙe wannan ya kwanta. Alhali AAMC ba ta yanke wa sakamakon ranar mutuwa ba. Kowace makaranta ce ke sa nata sharaɗin, yawanci shekara biyu ko uku, kuma ba daga wuri ɗaya suke fara ƙirga ba. Wata daga ranar da ka miƙa takardun nema take lissafi, wata daga ranar da za ka shiga aji. Tsakanin ranakun nan biyu akwai fiye da shekara, domin wanda ya cike fom a watan Yuni, sai wajen Agusta na shekara mai zuwa zai fara karatu. A ce ka rubuta a Agustan 2023, ka nema a Yunin 2026. A wurinka shekara uku ba ta cika ba. A wurin makarantar da ke ƙirgawa daga shiga aji a 2027 kuwa, shekara huɗu ke nan, ba za a duba takardunka ba. Gyaran shi ne ka fara tsayar da shekarar da kake son shiga aji, ka ƙirgo baya, sannan ka buɗe shafin kowace makaranta ka karanta sharaɗinta da idonka. In maganar ba ta fito fili ba, ka tura wa ofishin ɗaukar ɗalibai saƙo, ka adana amsarsu.

Daga wannan ake faɗawa cikin kuskuren rubutawa da wuri "don a huta". Bautar ƙasa ta ci shekara, neman kuɗin makaranta ya ci wata, ga shi yawancin makarantun Amurka suna son ka yi wasu darussan kimiyya a jami'ar can ko ta Kanada kafin su saurare ka. Kafin ka gama shiri, makin ya tsufa. Ni dai shawarata, kada ka zauna jarrabawar sai ka ga nan da shekara ɗaya za ka iya nema.

Wasu kuma sukan ce in ya lalace sai su sake. Sakewar tana da iyaka: sau uku a shekara, sau huɗu cikin shekaru biyu a jere, sau bakwai a duk rayuwa, kuma rajistar da ka yi ba ka halarta ba ita ma ana ƙirga ta. Tsohon makin ba ya ɓacewa, makarantu za su gan shi kusa da sabon. Ga kuma lokaci: sakamako kan ɗauki kusan wata guda kafin ya fito, daga Satumba kuma babu zama sai Janairu, alhali makarantu da yawa suna cike gurabensu ne bi da bi tun farkon zango.

A Birtaniya abin ya fi tsauri. Sakamakon UCAT, jarrabawar shiga makarantun likitanci na can, na zangon neman shekarar da aka rubuta shi ne kawai, zama ɗaya ake yi a zango, kuma UCAS, hukumar da ake neman gurbin jami'o'in Birtaniya ta hannunta, kan rufe karɓar takardun masu neman likitanci a tsakiyar Oktoba. Komai kyan makinka na bara, bana sai ka sake.

Wanda aka fi mantawa shi ne IELTS da TOEFL, jarrabawowin gwada iya Turanci. Shekara biyu suke yi, kuma wanda aka ɗage masa shiga aji zai iya tarar da nasa ya ƙare daidai lokacin da jami'a za ta ba shi takardar neman biza. Ka rubuta ranar ƙarewarsa kusa da ta sauran, ka duba ko zai kai ranar da za ka fara karatu.